Tukwanen Kaburburan Zuru: Wa Ke Riƙe da Lissafinsu?

A watan Yuni na 2025 ƙasar Holan ta mayar wa Nijeriya kayayyakin tarihi guda 119 na Masarautar Benin, daga cikin waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Kafin nan, a 2022, Jamus ta sa hannu ta sallama mallakar fiye da dubu ɗaya. An yi ta murna a rediyo da jaridu, kuma murnar ta dace. Sai dai mutumin Zuru da ya saurari labarin yana da damar ya ce: to, mu fa? Domin ƙasar Zuru ma tana da nata kayan da suka tsallaka teku.

Ga wanda bai sani ba, Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, sun shahara da tukwanen kabari. Mata ne suke gina su, kuma ba kowace mace ba, sana'a ce ta wasu gidaje da uwa ke koya wa 'ya. Idan babban mutum ya rasu, kamar sarki ko maharbi ko gwarzon noma ko ɗan kokawa da ya yi suna, sai a kewaye kabarinsa da duwatsu, a ɗora masa siffa ta yumɓu a kai. Wata siffar giwa ce, wata mahayin doki, wata dabbar daji da ta ɗaga kai sama baki buɗe, kamar mai kukan rashi. Mai wucewa yakan gane matsayin mamaci daga abin da ke kan kabarinsa ba tare da an gaya masa ba. Wato makabartun da ke kan duwatsu su ne gidan tarihin farko na ƙasar Zuru, tun kafin Bature ya zo da kabad na gilashi.

Turawa sun lura da wannan da wuri. P. G. Harris ya yi rubutu a kan Dakarkari a 1938, R. T. D. Fitzgerald ya rubuta a kan tukwanen kabarin kansu a 1944, sannan Allen Bassing ya sake bin sawunsu a 1973. Rubutun ya adana ilimi, amma kuma ya nuna wa dillalai hanya. Yau ana ganin waɗannan siffofi a gidajen tarihi da shagunan gwanjo na Turai da Amurka, galibi da ɗan rubutu a ƙasa mai ba da sunan ƙabila da na ƙasa kawai. Ba sunan ƙauye, ba na mamaci, balle na matar da ta gina.

Ba za a ce hukuma ba ta taɓa yin komai ba. A 1952 aka buɗe gidan tarihin Jos a ƙarƙashin Bernard Fagg, lokacin Arewa tana jiha ɗaya, kuma ya daɗe yana zaman rumbun kayan tarihi na yankin baki ɗaya. Nan aka ajiye siffofin Nok, nan kuma Sylvia Leith-Ross ta tara tukwane daga sassa daban-daban na ƙasa, har ta fitar da littafin lissafinsu a 1970. A Argungu, tsohuwar fadar da sarakunan Kabi suka zauna har 1942 ta zama Gidan Tarihin Kanta a 1958, da makamanta da gangunanta da kayan su. A 1979 aka kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, doka kuma ta hana saye da fitar da kayan tarihi ba da izini ba.

Amma da aka yayyanka Arewa jiha-jiha, sai kowa ya koma kallon nasa. Zuru ta zauna a Jihar Arewa maso Yamma, ta koma Sakkwato, sannan Kebbi a 1991, Jos kuwa ta zama ta mutanen Filato a idon jama'a. Ko ginin ma bai tsira ba, don a Janairun 1987 ɓarayi sun shiga gidan tarihin Jos suka yi awon gaba da kayayyaki masu daraja, ciki har da wani kan tagulla na Ife. Shekaru da yawa bayan haka kan ya ɓulla a Turai, kuma abin da ya sa aka iya cewa namu ne shi ne an riga an ɗauki hotonsa an rubuta shi a littafi. Tukunyar da aka ɗauke daga kan kabari da dare ba ta da wannan gata. Ba wanda ya rubuta ta, saboda haka ba mai iya tsayawa gaban alƙali ya ce tasa ce.

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ba dillalai kaɗai suka kwashe makabartun ba. Da jama'a suka karɓi addinin Kirista da Musulunci, aka sauko daga duwatsu, aka bar al'adun binnewa na dā, sai tukwanen suka zama marayu. Wasu suna ganin taɓa su ma komawa ne ga tsafi. Ni dai a ganina akwai bambanci tsakanin zuba wa kabari giya da sanin cewa kakanka ne ke kwance a wurin, kuma mutanensa sun ɗauke shi gwarzo. Mutum zai iya barin na farko ba tare da ya yar da na biyu ba. Ikkilisiyoyinmu da suka iya riƙe littafin baftisma da na aure shekara da shekaru ba za su kasa taimaka wa dattawa rubuta sunayen kaburbura ba.

Yanzu kuma ga rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin. A Maris na 2022 'yan bindiga sun kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a yankin Sakaba, a Nuwamban 2025 kuma aka sace 'yan mata 25 daga makarantar Maga a Danko-Wasagu, kafin daga baya a sako su. Wani zai ce ana ta rai wa ke ta tukunya, kuma ba zan yi masa musu ba. Amma ƙauyen da ya watse ya bar makabartarsa ba mai gadi, dattijon da ya san kabarin wane ne wannan kuwa yana gudun hijira a cikin gari, shekaru suna ja.

Garin Zuru yana da gidan tarihi, kuma marigayi Sarki Muhammadu Sani Sami, wanda ya rasu a Agustan 2025 bayan shekara 30 a kan gado, ya ɗaukaka bikin Uhola har aka san shi a wajen jiha. Bikin kamun kifi na Argungu ya shiga jerin UNESCO a 2016 saboda an zauna an rubuta bayaninsa an miƙa. Abin da ke gaban sabon Sarki, Sanusi Mikailu Sami, da ƙananan hukumomi huɗu na masarautar, wato Zuru, Fakai, Danko-Wasagu da Sakaba, bai kai tsadar sabon gini ba. A tura ɗalibai masu jin C'lela da wayar hannu da littafi, su ɗauki hoton kowace siffa da ta rage a inda za a iya zuwa, su rubuta ƙauye da gida da sunan mai kabarin daga bakin dattawa. A rubuta wa Jos a nemi kwafin duk abin da ke littattafansu game da ƙasar Zuru. A nemo tsofaffin matan da suka gaji ginin, a naɗi muryarsu, tun ana iya samunsu a gida.