Malam Aminu Kano da shirun mumbarinmu

Ranar 17 ga Afrilu, 1983, Allah Ya karɓi ran Malam Aminu Kano, aka binne shi a gidansa na Gwammaja. 'Yan siyasa sun riƙe sunansa, amma mu masu hawa mumbari muka fi cancantar tuna shi, domin ɗan malamai ne, mai tafsirin Alƙur'ani. Da ya yaƙi haraji da jangali, hujjarsa tana cikin gida: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya riga ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakunan da ya yi wa jihadi, a Kitabul Farƙi. Abin takaici, kotunan alƙalai masu hukunci da sunan Shari'a su ne suka riƙa ɗaure 'yan jam'iyyarsa ta NEPU. Sai a 1979 gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke harajin.

Yau manomin Zamfara sai ya biya 'yan bindiga kafin ya taka gonarsa, harajin da ya fi na da muni, mu kuwa huɗubarmu ta Juma'a tana can kan saɓanin ƙabalu da sadalu. Allah Ya jiƙan Malam, Ya yafe mana.