Ku daina yi wa Hausar masu gyaran waya dariya

1/ Yau sai na taɓo 'yan boko. Duk mai dariya in ya ji mai gyaran waya a Ikara ko Makarfi ya ce "wayar nan ta suma", wallahi shi ne bai san tarihin kwamfuta ba. Ku biyo ni 🧵

2/ Waɗanda suka reni harkar a Amurka ba Turancin littafi suke yi ba. A 1959 wasu ɗaliban jami'ar MIT suka rubuta ƙamus na zaurancensu. A bakinsu "hack" aikin basira ne, "hacker" kuma gwani. Daga baya ne sunan ya koma kan 'yan kutse.

3/ Gyaran faci, mummuna amma yana aiki, "kludge" suke ce masa. Matsalar na'ura kuwa "bug", wato ƙwaro. A 1947 har ƙwaron gaske aka ciro daga kwamfutar Mark II a Harvard, aka manna shi a littafin aiki.

4/ A 1975 Raphael Finkel ya fara tara kalmomin a Stanford, aka kira tarin Jargon File. A 1983 ya zama littafi. Zancen raha fa, amma ba su raina shi ba.

5/ To ga namu: waya ta daskare, tana shan caji, sabis ya ɗauke, injin ya ƙone, a wanke ta. Don Allah da me "ƙwaro" ya fi "ta daskare"? Ko kakata ta ji ta gane.

6/ Abin da ke ƙona min rai ke nan. Yaro ya iya tayar da matacciyar waya, amma don bai ce "motherboard" ba sai a mai da shi ɗan koyo. Wani ma kunyar Turanci ce ke korar shi daga koyon kwamfuta. Wa ya yi asara? Mu.

7/ Ban ce a bar Turanci ba, da shi aka rubuta littattafan. Cewa nake mu rubuta namu. ABU Zariya na nan kusa da Hunkuyi, ga masana Hausa ga na kwamfuta, amma ba sai mun jira farfesa ba.

8/ Kowa ya ajiye kalmar da ya ji a shagon caji ko Farm Centre ta Kano, da ma'anarta, da garin. Na fara da "ta suma". Saura ku.