Hirar Ƙofar Gida: A Fara Daga Ƙarshe

 A watan jiya mun yi hira a kan abin da iyali za su yi da yara lokacin hutun makaranta. Mun ambaci zuwa lambun Gamji a bakin kogi, da gidan tarihi na hanyar Ali Akilu, da tatsuniya bayan tuwon dare, da ludo, da dara. Wasan ces kuwa layi ɗaya kawai muka ba shi. Ashe wannan layi ɗaya shi ne zai jawo mana wasiƙu.

Wani dattijo ya tambaya ko ces ba caca ba ce, ko ya dace a gidan mai bi. Baba, ka kwantar da hankalinka. A ces ba a jefa ƙwayar sa'a, ba a raba kati, ba abin da yake a ɓoye. Dukan abin da kake da shi abokin wasanka yana gani, nasa kuma kana gani. In mutum ya sa kuɗi a kai, to, shi ne ya kawo cacar daga waje, kamar yadda samarinmu suka kai ta cikin kallon ƙwallo. Wata uwargida kuma ta rubuto cewa suna da allon, amma yara sun ɓatar da rabin 'ya'yan, ko ta zubar da sauran. Uwargida, kada ki zubar. Hirar yau taki ce.

Bari mu fara da abin da ya faru a gidanmu a nan Kurmin Mashi. Ɗanmu na biyu, mai shekara 11, ya shiga gasar ces a makarantarsu. Ya yi makonni yana haddace yadda ake buɗe wasa daga wayar wansa. A wasansa na ƙarshe ya cinye dukan mayaƙan abokin karawarsa, ba abin da ya ragu wa wancan yaro sai sarki tilo. Namu kuwa yana da sarki da sarauniya. Ya kora sarkin har kusurwa, ya matso da sarauniya da sauri yana murmushi. Sai malamin da yake lura da gasar ya ce an yi kunnen doki. Sarkin ba ya cikin hari, amma ba shi da gidan da zai taka, ba shi kuma da wani ɗa da zai motsa. Bisa ga dokar wasan, ba wanda ya ci.

Yaron ya dawo gida bai taɓa abinci ba. Ya tura allon ƙarƙashin gado, ya ce shi da ces har abada. Uwarsa ta dube mu ta ce, “Baban yara, ka yi masa magana mana.” Amma me za mu ce? Mu kanmu ba mu san dokar ba. Gaskiya kuma ita ce, a dukan makonnin da ya yi yana shiri, ba mu zauna da shi ko da dare ɗaya ba. In ba mu gidan kallon ƙwallo, muna kan waya. Abin da ya fi damunmu ba kofin da ya rasa ba ne. Yaro ne mai saurin fushi da saurin yar da abu, ya riga ya yar da koyon garaya da ƙungiyar mawaƙan yara, ga na uku yana shirin bi.

Akwai wani dattijo a layinmu, tsohon soja, wanda ya yi aiki shekaru da yawa a tsohuwar makarantar horar da hafsoshi da take nan kusa da mu. A can ya koyi wasan. Da yamma yakan zauna a gindin mangwaro inda ake buga daraf. Muka kai masa ƙara. Ya ce a kawo yaron da allon. Da aka kawo, sai ya juye dukan 'ya'yan 32 cikin hularsa, ya tsamo uku kaɗai ya ɗora. Yaron ya ce, “Kaka, saura fa?” Ya ce, “Jikana, wanda bai iya kiwon akuya uku ba, ba a ba shi garke.”

Daga baya muka gane ba shi ne ya ƙago wannan hanya ba. Kafabalanka, mutumin Kuba wanda ya riƙe sarautar ces ta duniya daga 1921 zuwa 1927, haka ya koyar: a fara da ƙarshen wasa. Littafin da ya rubuta domin masu koyo a 1921 da allo kusan wayam ya fara. Shi kansa yana ɗan shekara huɗu ya koyi wasan, ta wurin kallon mahaifinsa yana bugawa. Dalilin a fili yake. Sa'ad da allo ya cika, mai koyo ba ya sanin wane kuskure ne ya kashe shi. Sa'ad da 'ya'ya uku ne kaɗai, kuskure ba shi da wurin ɓuya.

Domin ku iya bin mu, ku ɗauko allonku. Gidajensa 64 ne. Layukan da suka miƙe daga gabanka zuwa gaban abokin wasanka ana kiransu da baƙaƙe, a zuwa h, daga hagun mai farare. Waɗanda suka gitta kuma ana ƙidaya su 1 zuwa 8, daga wajen mai farare. In babu wani ɗa, murfin kwalba ya isa. A gidanmu maɓallin riga ne hasumiya har wa yau.

Darasi na fari shi ne wanda ya kā da ɗanmu. Ku sa baƙin sarki a h8, farar sarauniya a f7, farin sarki a can nesa. In baƙi ne da tafiya, wasa ya ƙare kunnen doki. Ku lura, tsakanin sarauniyar da sarkin tsallen doki ɗaya ne. Wannan tazara tana da kyau ƙwarai wajen kora sarki zuwa gefe, gama tana rage masa fili kaɗan kaɗan. Amma da zarar ya kai kusurwa, ta zama tarko. Sai a bar masa gida biyu yana kai da kawowa, a tsai da sarauniya, a taho da sarki a hankali, sa'an nan a rufe. Sarauniya ita kaɗai ba ta iya kama sarki, sai da taimakon mijinta. (Uwargidanmu ta ce a rubuta cewa shi ma ba ya iyawa sai da ita. Mun rubuta.) Wanda ya ƙware ba ya wuce tafiya 10 da sarauniya, ko 16 da hasumiya. Kada kuma a yi ta yawo, gama in kowane ɓangare ya yi tafiya 50 ba a ci kome ba, ba a kuma motsa dakare ba, abokin wasa yana da iko ya nemi a tashi kunnen doki.

Na biyu gajere ne, yara kuwa suna sonsa domin kamar dabo yake. Dakare yana gudu zuwa layi na 8 domin ya zama sarauniya, sarkin abokan gāba yana binsa. Zai kama shi? Ba sai an ƙidaya da yatsa ba. Ku sa farin dakare a a5, baƙin sarki a e6, farin sarki a h1. Ku zana murabba'i a zuci daga a5 zuwa a8, zuwa d8, zuwa d5. In baƙi ne da tafiya, ya taka cikin murabba'in, ya kuwa kama dakaren. In fari ne da tafiya, murabba'in ya tsuke, sarki ya makara.

Na uku shi ne ya ɗauke mu mako biyu, mu da yaron duka, shi ne kuma muke roƙonku ku daɗe a kansa. Farin sarki a e5, dakarensa a bayansa a e4, baƙin sarki a e7. Sarakunan biyu suna fuskantar juna, gida ɗaya a tsakaninsu, ba mai iya shiga cikinsa. To, a nan wanda tafiya ta faɗo a kansa shi ne ya yi hasara. In baƙi ne, tilas ya kauce. Ya je d7, fari ya wuce f6. Ya koma e8, fari ya sake fuskantarsa a e6. Ya kauce d8, fari ya zauna f7, daga nan dakare ya bi hanyarsa ba mai tare shi. Amma in fari ne da tafiya tun farko, ya je d5, baƙi ya tare shi a d7. In kuma f5 ya fara zuwa, a tare shi a f7. Ba ƙofa. Allo ɗaya, 'ya'ya ɗaya, bambancin kawai wa zai motsa.

Wanda ya san darar gargajiya ba zai yi mamaki ba. Dattawan da suke buga ta a ƙasa, da gidaje 30 da 'ya'ya goma sha biyu biyu, sun san lokacin da mutum zai so a ce ya zauna kurum, amma tilas ya ɗaga ɗa ya ɓata gidansa da hannunsa.

Kuskuren da dukanmu muka yi ta yi shi ne tura dakare gaba tun sarki bai share masa hanya ba. Hannu yana ƙaiƙayi, ga layi na 8 kusa. Tsohon sojan yakan buge hannun ya ce, “Malam, sarki a gaba, dakare a baya.” Ku gwada ku ga abin da gaggawa take haifarwa: farin sarki a d6, dakare a e6, baƙin sarki a d8, fari ne da tafiya. Dakare ya shiga e7 yana kai wa sarki hari, sarki ya koma e8 ya tsaya a gabansa. Fari ba shi da abin yi sai ya je e6 ya tsare dakarensa, sai ga baƙi ba wurin takawa. Kunnen doki kuma. Dattijon ya ce dakaren da ya shiga layi na 7 da ihu ba ya zama sarauniya, sai wanda ya shiga shiru. Dakaren gefe kuwa, na layin a ko h, in baƙin sarki ya riga ya kai kusurwar da ke gabansa, kada ku wahalar da kanku.

Waɗansu suna ce wa ces darar Turawa. Ba daidai ba ne. Daga Indiya ta fito, ta bi ta Farisa, Larabawa suka yaɗa ta. Ɗan da Turawa suke kira bishop, a wurin Larabawa giwa ne, saboda haka kada wani ya ga an ci bishop ya ɗauka an taɓa ikkilisiya. A Barno ma an daɗe ana buga irin tata da sunan tsatsarandi, har an rubuta labarinta a shekarun 1930. A zamaninmu kuma ga Tunde Onakoya, wanda ya koyi wasan a shagon aski a Ikorodu, ya kafa ƙungiyar koya wa yaran unguwannin talakawa a 2018, ya kuma yi awa 60 yana bugawa a birnin New York a 2024 domin tara kuɗin karatun yara. Ga kuma Tanitoluwa Adewumi, wanda iyayensa suka bar ƙasar nan a 2017 saboda barazanar Boko Haram. A 2019, yana ɗan shekara takwas, suna zaune a gidan marasa matsuguni, ya ci gasar yaran ajinsa ta Jihar New York.

Ba mu ce ɗan kowa zai zama Tani ba, namu ma ba mu sa masa wannan kaya ba. Ba mu kuma ce a daina kallon ƙwallo ba, mu ma ranar Asabar muna can. Amma ƙwallo kallo ne, kowa ya fuskanci akwati. Ludo kuwa rabinsa sa'a ne, shi ya sa yake ƙarewa da gardama. Ƙarshen wasan ces minti goma ne, ba ya cin kuɗi, in an ɗauke wuta fitilar hannu ta isa, uba da ɗa kuma suna duban juna. A kan wannan allo ne muka ji abubuwan makaranta da yaron bai taɓa faɗa mana ba, har da sunan da 'yan ajinsu suka laƙaba masa bayan gasar.

Allon ya fito daga ƙarƙashin gado. Fushin bai tafi duka ba, shekaranjiya ma ya watsar da 'ya'yan da ƙanwarsa ta yi masa kunnen doki da sarki tilo. Amma shi da kansa ya tsince su, ya jera uku, ya ce a sake. Mu kuwa ya cinye mu sau huɗu a jere cikin makon nan, uwarsa tana ƙidayawa da ƙarfi daga madafa.

Ga aikin gida na wannan wata. Wani gwani mai suna Reti ne ya shirya shi a 1921. Farin sarki a h8, farin dakare a c6. Baƙin sarki a a6, baƙin dakare a h5, yana gangarowa zuwa h1. Fari ne da tafiya. In kun zana murabba'i za ku ga farin sarki ba zai kama baƙin dakaren ba, nasa dakaren kuma yana bakin kura. Duk da haka fari yana iya tsira da kunnen doki. Taimako ɗaya za mu ba ku: ga sarki, hanyar karkace da miƙaƙƙiya tsawonsu ɗaya ne. Kada ku tambayi waya. Ku aiko mana da tafiyar fari ta farko da dalilinta, ku kuma faɗa mana wa ya fara ganinta a gidan. Amsa tana zuwa a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.