AMANA DA LISSAFI: INA MUKA TSAYA BAYAN RIGIMAR DOKAR CAMA?

A watan Agusta na shekarar 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar kamfanoni da ƙungiyoyi, wadda ake kira CAMA. Sashe na 839 ya ba Hukumar Rajistar Kamfanoni ikon dakatar da amintattun ƙungiya, har da na ikilisiya, ta naɗa masu riƙo idan an sami almundahana. Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, wato CAN, ta ƙi amincewa, kuma a 2023 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke sashen. Da yawanmu mun yi murna. Amma 'yan'uwa, akwai tambayar da ta rage a kanmu: idan ba mu so gwamnati ta duba littafinmu, wa ke duba shi?

A al'adarmu ta Arewa, mutum ake yarda da shi, ba takarda ba. Dubi adashe. Mata goma za su riƙa zuba kuɗi a hannun uwar adashe ba rasit ba shaida, kuma da wuya a ji ƙorafi. Dalili kuwa shi ne kowa ya san gidan kowa, wadda ta ci amana ba za ta iya ɗaga kai a kasuwa ko a zumuntar mata ba. Kunya ita ce mai gadin kuɗin.

Wahalar tana zuwa ne sa'ad da ƙungiya ta girma. Majami'ar da ta fara da iyalai kaɗan a ƙarƙashin bishiya, yau tana da makaranta da ɗakin shan magani da ma'aikata masu albashi. Masu ba da baiko da zakka ba su san ma'aji ido da ido ba. A nan kunyar da take tsare kuɗin adashe sai ta koma rufe baki. Saurayi ba zai tambayi dattijo ina aka kai kuɗin gini ba, kada a ce ba shi da tarbiyya. Dattijon kuma, ko da hannunsa tsabtatacce ne, yakan ɗauki neman lissafi a matsayin zargin sata. Idan aka haɗa da bambancin yare, sai kowa ya yarda da ɗan garinsu kaɗai, zaɓen ma'aji ya zama na ƙabila. Abin da ba a faɗa a taro ba, a bakin ƙofa ake faɗarsa, daga nan baiko ya ragu, wasu su fice.

Manzo Bulus bai ɗauki lissafi abin kunya ba. A 2 Korintiyawa sura 8, ya aika Titus tare da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa da kansu domin hidimar gudummawa, don kada kowa ya sami abin zargi.

Saboda haka muna ba dattawan ikilisiya shawara: mutum biyu ko uku su ƙirga baiko su sa hannu, a karanta shiga da fitar kuɗi a gaban jama'a kowane wata uku da harshen da kowa ke ji, a gayyaci mai bincike daga wata gunduma sau ɗaya a shekara. Kuma manya su fara kawo littafin kafin a tambaya, domin a al'adarmu abin da babba ya miƙa da kansa ba ya zubar da girman kowa. Gani ya kori ji. Ubangiji ya ba mu hikima, amin.