Faci Ba Ya Raya Tsohuwar Taya

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, malaman makaranta da ɗalibai da dama a Batsari da Safana suka koma hawan keke. To, amma hanyoyin ƙauyukan cike suke da tsidau da ƙaya, ga shi taya ta yi tsada, domin yawancinta daga Sin da Indiya ake kawowa, kuma darajar naira ta faɗi.

Saboda haka mutane suka dogara ga mai faci fiye da kima. Hujin ƙaya a tiyub, a kankare, a shafa gam, a liƙe, wannan daidai ne. Amma tayar da ta suɗe har zare ya bayyana, ko gefenta ya tsage, ba ta da magani sai sabuwa. Wanda irinta ta fashe masa da almuru a gefen Dajin Rugu, yankin da ya sha fama da 'yan bindiga, ransa ne a kan hanya.

Ya kamata ƙananan hukumomin biyu su sayo tayoyi a kan sari, su ba ma'aikata bashi a riƙa cirewa daga albashi, su kuma sayar wa ɗalibai da rangwame.