Fatar Akuyarmu Tana Ƙonewa A Kudu

Ya ku 'yan'uwa mazauna Sabon Ibadan da Agege da Shagamu da Fatakwal, kowa ya san irin tirelolin awaki da ke saukowa daga Arewa kowane mako. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, yawancin awakin nan babbaka su ake yi, ba a feɗe su. Wuta ta lashe gashin, a ci fatar tare da naman, majemi kuwa yana can Kano ko Sakkwato yana jiran abin aiki.

To, wace irin fata ce wannan? Ita ce ta jar akuyar Sakkwato da 'yar'uwarta ta Maraɗi, wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko saboda ta hannun Larabawan arewacin Afirka suka same ta. Bature Barth ya tarar da cinikinta yana ci a Kano cikin 1851. Masu ɗinkin littattafai na Ingila sun daɗe suna nemanta don ƙarkonta.

Majemi yakan jiƙa ta cikin ruwan toka har gashin ya saki, ya kankare, sa'an nan ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwa, ya shafe ta da man gyaɗa ta yi laushi. Karan dafi da kanwa su ke ba ta jan nan da kowa ya sani. Daga nan sai baduku ya karɓa: gafakar Alƙur'ani, da kuben takobi, da zabirar wanzami, da alabe, da rufin laya, da adon sirdi. Gafakar da kaka ya rataya ita jika ke gada. Jakar roba kuwa, wadda mu da kanmu muke saye mu kai tsaraba gida, da wuya ta ga damina biyu.

Ba mu ce a hana mutanen Kudu cin abincinsu ba. Akuyar da suka saya tasu ce. Amma wadda Bahaushe ya yanka don suna ko layya, me zai sa a babbake ta? Muna kira ga Sarakunan Hausawa da Sarakunan Fawa na zango-zango su tsayar da wurin tara fatu, a feɗe da hankali kada wuƙa ta huda, a zuba gishiri tun ranar yanka. Motocin da suka sauke awaki su ne za su koma da fatun Kano.