Filin Kiwon Lafiya: Rashin Jini Mai Manyan Ƙwayoyi

Da zarar an ga mutum ya ɗashe, yana haki in ya ɗan yi tafiya, sai a garzaya kemis a sayo masa maganin ƙarin jini, watau mai sinadarin ƙarfe. Sau da yawa akan dace. Amma akwai wani irin rashin jini wanda ko kwalba goma aka shanye ba zai gusa ba, domin ba ƙarfe jikin ya rasa ba.

A cikin ɓargo ake yin jajayen ƙwayoyin jini, kowace kuwa takan yi kamar kwana 120 tana aiki kafin a maye gurbinta. Ƙwayar da za ta haifar da su sai ta yi ta rabuwa biyu-biyu, rabuwar kuwa ba ta yiwuwa sai da folik asid da bitamin B12. In ɗayansu ya yi ƙaranci, ƙwayar takan ci gaba da girma amma ta kasa rabuwa a kan lokaci. Da yawa su mutu tun cikin ɓargon, 'yan kaɗan da suka fito kuwa ga girma, babu ƙarko.

Folik asid yana cikin alayyafo da wake da hanta, sai dai doguwar dafuwa tana lalata shi, ajiyarsa a jiki kuma ba ta wuce 'yan watanni. Mai juna biyu da mai ciwon sikila da mashayin giya su ya fi ƙare wa da wuri. A wajen mata masu ciki na birnin Bombai ne wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills, ta gano a 1931 cewa yis yana warkar da irin wannan rashin jini.

Shi B12 daga nama da kifi da ƙwai da nono ake samunsa, hanta kuma tana ajiye na shekaru. Amma hanji ba ya iya tsotse shi sai da taimakon wani sinadari da tumbi yake fitarwa. In garkuwar jiki ta lalata wurin da ake yin sinadarin nan, ko kullum mutum yana cin tsire a banza ne, galibi sai an haɗa da allura. Daɗewa ana shan metformin, maganin ciwon sukari, shi ma yana rage shi.

A nan haɗarin yake. Wanda B12 ya rasa, in aka ba shi folik asid kaɗai, jininsa zai gyaru, 'yan'uwa su yi murna, alhali jijiyoyi suna ci gaba da lalacewa: tafin ƙafa ya riƙa tsikari kamar ana soka allura, tafiya ta zama tangaɗi, mantuwa ta shigo. In an makara, wannan ɓarna ba duka take gyaruwa ba. Saboda haka likita yakan auna jinin tukuna, ya ga girman ƙwayoyin da abin da ya yi ƙaranci, sannan ya rubuta magani.